Clara Schumann: a konceto ƙwarewarta take, ko a waƙoƙinta?

Bazazzagi_a_Leipzig:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in ajiye wata magana a gaban masu bin kiɗan Turawa na gargajiya a cikinmu, domin su auna ta su faɗa mini inda ta yi rauni. A ganina, duk lokacin da aka shirya taron kiɗa na ayyukan Clara Schumann zalla, wato makaɗiyar piyanon nan 'yar Jamus wadda take kuma tsara kiɗa, bai kamata konceton piyanonta ya zama abin da ake tallata taron da shi ba, domin ainihin ƙwarewarta tana cikin waƙoƙinta da gajerun kaɗe-kaɗen piyano da ta tsara bayan ta yi aure. A wani taro da na halarta kwanakin baya an fara da piyano shi kaɗai, sannan wata mawaƙiya ta rera waƙoƙin, bayan hutu kuma makaɗa suka cika dandamali aka yi konceton, kuma shi jama'a suka fi yi wa tafi nesa ba kusa ba. Ni kuwa ban ga dalilin wannan fifiko ba.

Hujjata ita ce, konceton aikin ƙuruciya ne. An haife ta a nan Leipzig a 1819, ta fara tsara shi tana da shekara 13, aka kuma fara kaɗa shi cikakke a zauren Gewandhaus a watan Nuwamba na 1835, ita tana kan piyano tana da shekara 16, mai tsara kiɗa Felix Mendelssohn yana jagorantar makaɗa. Duk wanda ya saurare shi da kyau zai ji cewa an gina shi ne domin a nuna wa jama'a abin da yatsun yarinyar za su iya yi, makaɗan kuwa sun fi zaman jira a kan aiki, sannan kashi na ƙarshe shi kaɗai ya cinye kusan rabin tsawon kiɗan. Waƙoƙin ba su da wannan nuna kai ko kaɗan. To me ya sa su ake mayarwa abin share fage?

Sabon_Shiga:
Wa alaikumus salam. Kafin manya su shiga gardamar, ina roƙon a taimaki irinmu da bayani: mene ne ya raba konceto da sauran kiɗan piyano, kuma waƙoƙin da ake magana a kansu ita ce take rerawa da bakinta, ko kuwa wasu take rubuta wa?

Malam_Mai_Piyano:
Sabon_Shiga, tambayarka tana kan hanya. Konceto dogon kiɗa ne da ake tsara wa gwani ɗaya tare da babbar ƙungiyar makaɗa, yawanci kashi uku, na farko mai kuzari, na tsakiya mai sanyi, na ƙarshe mai sauri. Idan ka tuna yadda mawaƙi yake ja 'yan amshi suna karɓa masa ka kusanci abin, sai dai a nan makaɗan sukan ƙwace maganar baki ɗaya su bar gwanin yana saurare. Waƙoƙin kuwa baitocin mawaƙan Jamus ne take ɗaukowa ta ɗora musu karin murya da rakiyar piyano, wata ko wani ya rera, ita ta kaɗa.

Yanzu in dawo ga ɗan'uwa Bazazzagi. Na yarda cewa aikin ƙuruciya ne, amma ban yarda cewa nuna yatsu kaɗai ke cikinsa ba, kuma shaidata tana kashi na tsakiya. A can makaɗan duka suna ajiye kayansu, piyano ya yi ta tafiya shi kaɗai a hankali, daga baya celo guda ɗaya, wato babban gogen nan mai zurfin murya da ake jingina shi tsakanin gwiwoyi, ya ɗauki karin, piyanon ya koma yi masa rakiya. Babu wanda ke sake shiga sai a ƙarshe, lokacin da tambura suka fara gurnani ƙasa-ƙasa suka miƙa kiɗan ga kashi na uku ba tare da an tsaya ba. Yarinyar da burinta kawai a yi mata tafi ba za ta ɗauki mafi daɗin karin da ta mallaka ta miƙa wa wani makaɗi ba, ita ta koma bayansa. Haka nan kashi ukun a manne suke da juna, kuma karin da ya buɗe kiɗan shi ne yake sake kama ya dawo a sauran sassan, abin da ke nuna cewa mai tsarawar tana kallon ginin gaba ɗayansa. Shekara 46 bayan haka mai tsara kiɗa Brahms ya ba celo ɗaya babban matsayi a kashin sanyi na konceton piyanonsa na biyu, kuma mutum ne da ya san gidan Schumann ciki da waje. Ba na cewa kwaikwaya ya yi, amma ita ta riga shi zuwa wurin.

Bagobiri_Mai_Gardama:
Malam, Allah ya ƙara basira, amma ku ba ni dama in faɗi abin da kowa ke kewayewa. Da ba matar mai tsara kiɗan nan Robert Schumann ba ce, kuma da ba a wannan zamani ake neman ayyukan mata domin a cike gurbin da aka daɗe da bari ba, ba na jin wani zai kira taro guda sukutum saboda ita. A shekarun 1830 akwai gwanayen piyano birjik a Turai, kowannensu yana tsara wa kansa konceto domin yawon kiɗa, irin su Kalkbrenner da Herz da Moscheles, kuma yau ba kasafai ake jin nasu ba. Sannan abin da aka sani ne cewa Robert ne ya rarraba wa makaɗa muryoyinsu a wannan konceto. Idan haka ne, ina nata ya tsaya, ina nasa ya fara?

Yar_Katsina_a_Bonn:
Ɗan'uwa Bagobiri, maganarka ta farko ta juya tarihin a baibai. A lokacin da suka yi aure ita ce sananniya a Turai, shi kuwa an fi saninsa da rubutu a mujallar kiɗa da ya kafa a 1834. Ta fara hawa dandamalin Gewandhaus tana da shekara 9, ta yi taronta na kanta a can tana da 11, ta kaɗa wa marubucin nan Goethe a Weimar a 1831, ta isa Paris a 1832. A 1838 fadar Ostiriya ta ba ta muƙamin gwanar kiɗa ta fada, alhali tana da shekara 18, baƙuwa ce a Vienna, kuma ba 'yar ɗariƙar Katolika ba. Robert ɗalibin mahaifinta ne, Friedrich Wieck, har ya zauna a gidansu, ciwon hannu kuma ya raba shi da burin zama makaɗin piyano. Uban ya ƙi auren ƙememe, sai da aka je kotu, aka ɗaura shi ranar 12 ga Satumba 1840, ana gobe za ta cika shekara 21. Bayan haka yatsunta ne suka kai kiɗansa kunnen jama'a, ciki har da konceton piyanonsa, wanda ita ta fara kaɗawa a Dresden a watan Disamba na 1845. Idan akwai wanda ya ci albarkacin sunan wani a farkon tafiyar, shi ne.

Amma na fahimci inda irin tunaninka ya samo asali, domin a dutse ma haka aka sassaƙa shi. A tsohuwar maƙabartar Bonn, inda su biyun suke kwance a kabari ɗaya, akwai farin ginin tunawa da aka buɗe a 1880. Fuskar Robert tana can sama, a ƙasa kuma an sassaƙa mace mai kamannin Clara tana ɗaga kai tana dubansa, da kambin ganye a hannu ɗaya da takardar kiɗa a ɗayan. Tana raye aka kafa shi, ta kuma halarci buɗewar. Duk baƙon da na kai wurin, in bai san labarin ba, ɗauka yake yi mai jimamin rashin miji ce kawai, ba ya tunanin cewa matar da ke ƙasan nan ta shekara 61 tana cika zauruka.

Malam_Mai_Piyano:
A kan batun rarraba muryoyi akwai gyara kaɗan. Kashi na ƙarshe shi ta fara rubutawa a 1833 a matsayin kiɗa mai zaman kansa, kuma shi ne Robert ya taimaka mata wajen raba wa makaɗa aiki. Kashi na farko da na biyu sun zo daga baya, ita ta yi musu komai, ta kuma sake bin na ƙarshen kafin a buga aikin a 1837 da sadaukarwa ga Louis Spohr. Wato ɓangaren da ya fi kowane sabunta, inda celo da piyano suke zance su biyu, babu hannun kowa a ciki sai nata. Abin da Bagobiri ya faɗa game da Kalkbrenner da Herz gaskiya ne, a cikin wannan al'ada ta taso, kuma a kashi na uku ana jin ƙanshinta sosai, da takun rawar Poland irin wanda Chopin ya yi fice da shi.

Mai_Nazarin_Jamusanci:
Ni ina bayan Bazazzagi, kuma ina ganin har yanzu ba a yi wa waƙoƙin adalci a wannan muhawara ba. A 1841 ma'auratan sun fitar da kundi ɗaya mai waƙa 12 a kan baitocin Friedrich Rückert, tara nasa, uku nata, ba tare da an rubuta a kan kowace waƙa wanda ya tsara ta ba, kuma masu sharhi na lokacin sun yi ta laluben wacce ce ta wa. Ta rubuta nata ukun ne tana ɗauke da cikin 'yarta ta fari, Marie, wadda aka haifa a watan Satumba na wannan shekara. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa darajarta aro ce, domin an cire sunan an bar kunne ya yi hukunci, kunnen kuma bai iya ware ta ba.

Ɗauki ɗaya daga cikin ukun, wadda baitocinta ke cewa idan don kyau kake so ka so rana, idan don ƙuruciya ka so bazara, idan don dukiya ka so 'yar ruwa mai lu'ulu'u, amma idan don so ne to ni za ka so. Baiti huɗu ne masu gini iri ɗaya, kuma abu mafi sauƙi shi ne a maimaita kari ɗaya sau huɗu. Ita kuwa ta riƙe muryar a ƙasa, kamar mai magana da wanda ke kusa da ita, sai a baiti na huɗu ta sake ta, sannan da mawaƙiyar ta yi shiru piyano ya ci gaba shi kaɗai ya ƙarasa abin da bakin bai faɗa ba. Gaba ɗaya bai fi minti biyu da 'yan kai ba. Mai tsara kiɗa Mahler ya ɗora wa waɗannan baitoci nasa karin a 1902, kuma ana iya jera su biyun a taro ɗaya ba tare da nata ya ji kunya ba.

Sai kuma wadda ta tsara a 1843 a kan baitocin Heine game da Lorelei, budurwar da ke zaune a kan dutse a gaɓar kogin Rhine tana tsefe gashinta tana waƙa har matuƙin kwalekwale ya shagala ya halaka. Jamusawa sun saba da karin nan mai laushi da Silcher ya ɗora wa baitocin, da ake rerawa a cikin jiragen yawon buɗe ido. Clara ta karanta baitocin a matsayin labarin mutuwa: tun daga farko piyano yake dukan sauti ɗaya da sauri ba ƙaƙƙautawa, kamar bugun zuciyar wanda ya san zai nutse, kuma bai sassauta ba har ruwa ya haɗiye mutumin. Kyautar ranar haihuwa ce ta yi wa mijinta, ba a kuwa buga ta ba sai bayan mutuwarta da daɗewa. Waƙoƙinta duka ba su wuce 30 ba, amma ban san wadda zan ce a cire ba.

Dattijon_Damagaram:
Salamu alaikum jama'a. Ni ba masanin kiɗa ba ne, amma na san fuskar wannan baiwar Allah tun kafin in san aikinta, domin a shekarun da nake zuwa Jamus sayen motoci hotonta ne a kan takardar mark 100, kuɗin Jamus na lokacin, mai launin shuɗi, a bayanta kuma hoton babban piyano. Da ita muka yi ta ciniki har zuwan yuro a 2002, ban taɓa tambayar ko wace ce ba. Abin da ya ɗaure mini kai a cikin bayananku shi ne, duk shekarun ayyukanta da kuke ambata ba su wuce 1830 da wani abu zuwa 1850 da wani abu ba, alhali na ga an ce ta rayu har 1896. Mai irin wannan baiwa, me ya tsayar da alƙalaminta shekara 40?

Uwar_Biyu_a_Landan:
Baba Dattijo, tambayarka ita ce zuciyar al'amarin, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Ta haifi 'ya'ya takwas tsakanin 1841 da 1854, ɗaya ya rasu yana jariri. A cikin littafin da su biyun suke rubuta al'amuran gidansu ta yi ƙorafi cewa idan Robert yana tsara kiɗa ba ta samun damar taɓa piyano, saboda bangon gidan ba ya tare sauti, shi kuma yana bukatar shiru. Shi da kansa ya rubuta cewa yana damuwa da yawan tunani masu kyau da ke salwanta saboda ba ta da lokacin zama a kansu, amma bai sauya tsarin gidan ba. Abin da ya fi ba ni haske shi ne shekarar 1853. A Düsseldorf sun samu gidan da ɗakin piyanonta yake nesa da nasa, kuma a cikin 'yan watannin bazara kawai ta fitar da ayyuka huɗu masu lamba 20 zuwa 23: sauye-sauye a kan wani karin mijinta, wato maimaita karin da salo daban-daban, gajerun kaɗe-kaɗe uku na piyano, wasu uku na goge da piyano da ta sadaukar wa gwanin goge Joseph Joachim, da waƙoƙi shida. Ɗaki ɗaya ne ya samu, aikin ya zubo.

A watan Fabrairu na 1854 Robert ya faɗa kogin Rhine, aka ceto shi, aka kai shi gidan kula da masu taɓin hankali a Endenich kusa da Bonn, likitoci kuma suka hana ta ganinsa sai kwana biyu kafin rasuwarsa a watan Yuli na 1856. Ta rage da yara bakwai tana da shekara 36, kuma abin da ke kawo kuɗi shi ne dandamali, tsara kiɗa ba ya ciyar da gida. A wannan shekarar ta fara zuwa Ingila, ta kuma yi ta dawowa har tsufanta. Daga 1878 zuwa 1892 ta koyar a makarantar kiɗa ta Hoch da ke Frankfurt, ta kuma ɗauki nauyin tace ayyukan mijinta gaba ɗaya domin bugawa. Huɗu daga cikin 'ya'yanta sun riga ta rasuwa, wani kuma ya ƙare rayuwarsa a gidan masu taɓin hankali, jikoki ma wasunsu a hannunta suka tashi. Duk wadda ta taɓa ƙoƙarin yin aikin tunani da yaro a baya ta san cewa ba baiwar ce ke fara ƙarewa ba. Sai dai ba zan ɓoye ba, akwai wani abu bayan talauci da ɗawainiya: kusan duk abin da ta tsara bayan aure domin Robert ta yi shi, na sallar Kirsimeti ko na ranar haihuwarsa, shi ne yake matsa mata ta rubuta, da ya tafi kuma mai matsawar ya tafi.

Bagobiri_Mai_Gardama:
Na karɓi gyaran Malam a kan rarraba muryoyi, da na 'yar'uwa ta Bonn a kan wanda ya riga wani suna. Amma shaharar makaɗi daban, darajar mai tsarawa daban, kuma a kan na biyun ita da kanta ta ba da shaida. A 1839 ta rubuta a littafin sirrinta cewa da tana zaton tana da baiwar ƙirƙira, amma ta bar wannan tunani, domin bai kamata mace ta sa ran tsara kiɗa ba tunda babu wadda ta taɓa iyawa. Idan mai abu ta ce abinta bai kai ba, mu su wane ne da za mu fi ta sani? Sannan tausayin halin da ta shiga ba ya ƙara wa kiɗa daɗi ko da ƙwayar zarra. A dandamali abin da aka rubuta ake ji, ba abin da za a iya rubutawa da an samu hali ba.

Mai_Nazarin_Jamusanci:
Maganarka ta ƙarshe daidai ce, Bagobiri, kuma ita ce ta sa nake kafa hujja da waƙoƙin ba da tarihin rayuwarta ba. Amma shaidar da ka kawo ba ta tsaya da ƙafarta ba, saboda ta rubuta wannan magana ne tana da shekara 20, a tsakiyar shari'a da mahaifinta, kuma mafi yawan manyan ayyukanta bayan nan suka zo, har da kiɗan mutum uku na piyano da goge da celo na 1846, wanda da yawa suke ɗauka shi ne ƙololuwar aikinta. Sannan a duba abin da ake faɗa mata a lokacin. Da aka buga konceton, mai sharhi a mujallar da Robert ɗin da kansa yake gudanarwa ya ce ba za a yi masa cikakken sharhi ba tunda aikin mace ne. Wadda ta taso tana jin haka, in ta maimaita shi a littafinta, ra'ayin zamaninta ta rubuta. Kuma ba gaskiya ba ne cewa babu macen da ta iya, domin Fanny, yayar Mendelssohn, tana Berlin a lokacin tana tsara ɗaruruwan ayyuka, a Paris kuma akwai Louise Farrenc.

Bazazzagi_a_Leipzig:
Na gode wa kowa, amma muhawarar ta karkata ga rayuwarta, ni kuwa a kan tsarin taro na yi tambaya. Bayanin Malam a kan kashin tsakiya ya sa zan sake sauraron konceton da wani kunne, sai dai ina lura cewa wurin da ya yaba shi ne daidai wurin da konceton ya daina zama konceto ya koma waƙa ta mutum biyu. Wannan ai goyon bayana ne. Akwai kuma kashi na uku na taron da babu wanda ya tsaya a kansa, wato kiɗan piyano shi kaɗai. Sauye-sauyen nan bakwai masu lamba 20, waɗanda ta miƙa wa Robert a ranar da ya cika shekara 43, an kaɗa su ne a farkon taro jama'a suna ta shigowa suna neman kujera, alhali kiɗa ne da ke bukatar zauren ya nutsu, domin karin ba ya ɓacewa ko sau ɗaya, tufafinsa kawai ake sauyawa. Brahms ya ɗauki wannan kari ɗin a 1854 ya yi nasa sauye-sauyen ya sadaukar mata. Da ni ke shirya taron, da konceton zan fara tunda shi ne na farko a rayuwarta, a gama da hayaniya da tafi, sannan bayan hutu a rage fitilu a shiga waƙoƙi da ayyukan 1853.

Malam_Mai_Piyano:
Tsarin da ka kawo yana da ma'ana, kuma yana da wata fa'ida da masu shirya taro za su so, wato a sallami makaɗa da wuri maimakon a ajiye mutum 40 a bayan fage suna jira. Matsalar ita ce jama'a, domin wanda ya sayi tikiti saboda konceto yana iya tafiya a lokacin hutu, babban zauren da ya dace da ƙungiyar makaɗa kuma yakan haɗiye murya ɗaya da piyano ɗaya. Amma kada a ɗauka haɗa nau'i uku a dare ɗaya baƙon abu ne. Haka tarukan zamaninta suke, a yi kiɗan ƙungiya, mawaƙi ya fito, gwani ya kaɗa shi kaɗai, a sake komawa. Taron da mutum ɗaya zai riƙe daga farko har ƙarshe gwanin piyano Liszt ne ya yaɗa shi wajajen 1840, ita kuwa har ƙarshen aikinta ta fi son raba dandamali, ta yi taro sama da 200 tare da Joachim, da wasu da dama tare da mawaƙi Julius Stockhausen. An adana takardun shirye-shiryen tarukanta kusan 1,300, kuma daga cikinsu ake ganin yadda ta bar kiɗan burgewa na ƙuruciyarta ta koma ga Bach da Beethoven da Chopin da Schumann da Brahms. Tana cikin na farko da suka saba wa jama'a da kaɗawa da ka ba tare da takarda a gaba ba, abin da har yau ɗalibaina suke kuka da shi. A nan akwai abin da zai faranta ran Bagobiri: ita kanta, da ta girma, ba ta cika sa konceton nata a shirye-shiryenta ba, na mijinta take ɗauka.

Sabon_Shiga:
Na ƙaru ƙwarai. Ga wanda ba shi da halin zuwa zaure a Turai, da wanne ya kamata ya fara?

Uwar_Biyu_a_Landan:
A 2019, shekarar cikarta 200 da haihuwa, Isata Kanneh-Mason, 'yar Birtaniya wadda mahaifiyarta haifaffiyar Saliyo ce, ta fitar da faifanta na farko a kamfanin Decca a kan ayyukan Clara Schumann zalla, tare da ƙungiyar makaɗa ta Liverpool. Akwai konceton a ciki, da gajerun kaɗe-kaɗen goge da piyano, da dogon kiɗan piyano da ta rubuta a farkon aurenta wanda ba a buga ba sai 1991. Yana kan intanet. Waƙoƙin masu murya sai ka neme su daban, kuma ina ba ka shawara ka nemo ma'anar baitocin ka karanta kafin ka saurara, in ba haka ba rabin aikin zai wuce ka.

Bagobiri_Mai_Gardama:
Na saurari Lorelei ɗin da aka yi ta yabo, kuma ba zan musa cewa tana da ƙarfi ba, ko da yake dukan piyanon ya tuna mini da abin da Schubert ya riga ya yi tun 1815 a waƙarsa ta uban da ke sukuwa da ɗansa cikin dare. Matsayina bai sauya sosai ba: waƙa uku ko huɗu nata a tsakiyar na Schubert da Brahms za su fi fitowa fili a kan dare guda cur na ita kaɗai, inda dole a cike lokaci da ayyukan da ta yi tana 'yar shekara 15. Konceton kuwa, a haɗa shi da na mijinta a taro ɗaya, tunda a kan tushen sauti ɗaya aka gina su, kowa ya ji da kunnensa abin da shekara goma ta haifar a tsakani.

Yar_Katsina_a_Bonn:
Ana yin haka, Bagobiri, kuma duk lokacin da aka yi, sunansa ne da manyan baƙaƙe a jikin allon talla, nata a ƙasa. Ni abin da nake so Bazazzagi ya faɗa mana shi ne ko an sa kiɗan mutum ukun nan na 1846 a taron da ya halarta, domin idan ba a sa ba, to ku duka kuna gardama ne a kan konceto da waƙoƙi alhali aikin da ya fi su nauyi yana waje. Malam, ko za ka yi mana bayanin kashinsa na ƙarshe, inda muryoyin uku suke bin juna da kari ɗaya? An ce Mendelssohn ya yaba wurin, ni kuwa har yanzu kunnena bai iya raba su ba.